Yadda na faɗi fizik a shekarar farko ta jami'a

Ƙannena da kuka ci bak (jarrabawar kammala sakandare) bana kuna shirin shiga ɓangaren kimiyya, akwai darasin fizik da ke jiranku a shekarar farko, mai haɗa motsin abubuwa da ilimin zafi. Ni na baro Garwa da maki mai kyau daga lise (babbar sakandare), na zauna a amfi (babban ɗakin lacca) ina ganin ai maimaici ne. Da sakamako ya fito 6 bisa 20 na samu, sai da na koma ratrapaj, wato jarrabawar da ake sake wa waɗanda suka faɗi.

Hadda ce ta kai ni ta baro. Wanda ya tashi da allo yana da ƙarfin riƙe karatu, wannan baiwa ce, amma ni na ɗora mata kayan da ba nata ba. Dokokin Newton uku suna bakina, na cika ƙaramin littafi da ƙa'idojin lissafi, in tambaya ta zo sai in nemi wadda haruffanta suka yi kama da na tambayar in zuba lambobi.

Wata tambaya har yau tana raina. Iskar gas ce a rufaffiyar kwalba, aka ɗumama ta daga digiri 20 zuwa 40, aka ce yaya matsinta zai zama. Na rubuta cewa ya ninka. Alhali dokar gas da ma'aunin kelbin take aiki, sai ka ƙara 273 tukuna. Daga 293 ne zuwa 313, ƙarin bai kai kashi 7 cikin 100 ba. Abin da ya fi ci mini rai, da na ɗaga kai daga takardar na minti ɗaya da na gane. A garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40 na girma, ina ganin masu babur suna ba taya iska da asuba su yini a kan kwalta, kuma tayoyin ba sa fashewa da azahar. Duk amsar da kuka samu, ku tambayi kanku ko tana iya faruwa a ƙofar gidanku.

Akwai kuma tarkon harshe, kuma ba wanda ya ja kunnena a kansa. Da Faransanci ake karantar da mu, amma da Hausa nake tunani. Malam yana raba chaleur (zafin da ke ratsawa daga wani abu zuwa wani) da température (matakin zafi da ake aunawa da digiri), ni a kaina duka zafi ne. Yana raba masse da poids, ni duka nauyi ne. Masse yawan abin da ke jikin abu ne, ana auna shi da kilo. Poids kuwa ƙarfin da ƙasa ke jan abin da shi ne, kilo ɗaya kusan nuton 9.8. Sai da na zauna na ba kowanne bayaninsa da Hausa, da kalmomina, sannan kan ya waye.

Randar mahaifiyata ce ta buɗe mini ilimin zafi lokacin da nake shirin ratrapaj. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana zama tururi, kuma kowane kilo na ruwa sai ya kwashi kusan kilojul 2260 na zafi kafin ya tashi. Sanyaya lita ɗaya da digiri ɗaya kuwa jul 4180 kawai ake cire mata. Na buga lissafin, na ga giram 10 da suka bi iska sun isa su sauke zafin lita guda da kusan digiri 5. Shekara ashirin ina shan ruwan randar nan! Haka madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai: ruwa ne a sama yana faɗowa ƙasa, ƙarfin tsayinsa ya koma juyin inji, juyin ya koma wutar da ke gidajenmu.

Ban kuma ɗauki TD, wato darasin da ake warware tambayoyin gwaji a aji, da muhimmanci ba. Ina jira a gama gyara in kwafi amsar abokina, in karanta in ga kamar na iya. Ku gwada kowace tambaya ku kaɗai kafin ranar, ko da za ku kuskure. A tambayar motsi kada ku taɓa lissafi sai kun zana abin, kun sa kibiya ga kowane ƙarfi da ke aiki a kansa. Rabin makin da na zubar a tambayar akwati kan gangara ya tafi ne don na ƙi yin zanen nan, na musanya sinus da kosinus.

Kafin a koma, ku ɗauko littafin lissafin ajin ƙarshe na lise, ku maimaita bektoci da deribe da antegral, domin da su malamin zai fara bayanin gudu tun makon farko.