Ogan mai bututu a cikin laftof ɗina

Majami'armu a nan Katsina ba ta da ogan mai bututu, kuma babu alamar za ta samu nan kusa. Kibod muke da shi, sai ganguna da kacau-kacau. Ni nake koyar da ƙungiyar mawaƙa, kuma da yake yawancinsu solfa suke karantawa, wasu ma kunne kawai suke bi, na saba rubuta waƙa a MuseScore, manhajar rubuta notocin kiɗa da ke kuma kunna su, in fitar da sofrano da alto da tena da bes kowanne daban, in tura musu ta WhatsApp su yi ta saurare kafin ranar gwaji. Muryoyin ba su da matsala. Kiɗan da ke ƙarƙashinsu ne ya daɗe yana damuna.

Akwai wani dattijon ikilisiya da ya yi shekaru yana aiki a Legas, ya saba jin ogan na gaske a babbar majami'ar Angilikan da ke Marina. Da na kunna masa wata waƙar Kirsimeti da na shirya, bai bari ta kai rabi ba ya ce, "Ɗana, wannan ai ba ogan ba ne, ƙara ce kawai." Na ce, "Baba, abin da manhajar ta bayar ke nan." Ya ce to a nemo wata.

Dalilin ƙarar bai da wuyar ganewa. Tsarin General MIDI, wato jerin sautukan kayan kiɗa da manhajoji ke bi, wanda aka kafa a 1991, ya tanadi sautuka 128, kuma ogan ɗin majami'a lamba ɗaya tak ya samu, ta 20. Duk manhajar da ta bi wannan tsari sauti guda za ta ba ka, mai kauri, tun daga baitin farko har na ƙarshe. Shi kuwa ogan na gaske taron kayan busa ne da mutum ɗaya ke sarrafawa. Kowane bututu sauti ɗaya yake yi. Allon hannu yakan ƙunshi maɓallai 61, saboda haka kowace muryar ogan, wato kowane irin amo da makaɗi zai iya buɗewa ko rufewa, tana da nata jerin bututu 61, ogan mai muryoyi 30 kuma yakan doshi bututu 2,000. Wasu bututun iska ce kawai ke bugun leɓensu irin na sarewa, wasu kuma suna da harshen tagulla da ke kaɗawa, shi ya sa amonsu ke kama da na algaitar da muke ji a ƙofar fada ranar hawa. Gwanintar makaɗi ita ce sanin waɗanda zai buɗe da waɗanda zai bari a rufe.

Na fara da hanya mai sauƙi: na sauko da wani fayil ɗin SoundFont, wato kunshin sautuka da ake ƙara wa manhaja, mai suna Jeux, wanda aka yi musamman domin muryoyin ogan, na ɗora shi a MuseScore. An samu ci gaba, don aƙalla ina iya zaɓar murya mai taushi ko mai kaifi. Amma sautin yana tashi ne ya mutu kamar an datse shi, babu ɗakin da yake zaune a ciki.

Daga nan na koma kan manhajojin da aikinsu ke nan. Wadda ta fi suna ita ce Hauptwerk, wadda wani Baturen Ingila, Martin Dyde, ya fitar a 2002. Da dala ake biyanta, wannan kuwa ya isa ya raba ni da ita. GrandOrgue kyauta ce, kuma ita na ɗauka. Manhajar kanta ba ta da sauti, sai ka loda mata rumbun samfur. Masu haɗa rumbun sukan shiga majami'a lokacin da gari ya yi tsit, su ɗauki sautin kowane bututu shi kaɗai: yadda yake kamawa idan iska ta shige shi, tsakiyarsa da ake maimaitawa muddin yatsa na kan maɓalli, da kuma wutsiyarsa, wato amsa-kuwwar da ginin ke mayarwa bayan an saki. Wannan wutsiya ita ce abin da na rasa a baya. Na sauko da guda biyu, duka kyauta: ogan ɗin majami'ar Bureå a Suwidin, wanda Lars Palo ya ɗauka, da na Friesach a Ostiriya, aikin Piotr Grabowski ɗan ƙasar Folan. Datar dare na saya, na bar laftof a kunne na kwanta.

Laftof ɗin nawa RAM ɗinsa giga 8 ne, kuma GrandOrgue tana kwashe samfuran duka ta zuba a RAM kafin ta yi ko uffan. Na Bureå ya shiga lafiya. Na Friesach sai da na rage shi daga bit 24 zuwa 16, na kuma hana loda muryoyin da ba na buƙata. A sifikar da nake da ita ban ji wani bambanci ba.

Haɗa MuseScore da GrandOrgue shi ne inda mutane ke karaya, alhali aikin zama ɗaya ne. A Windows ana sa wata 'yar manhaja, loopMIDI, wadda ke zama waya tsakaninsu. Na tsaya a kan MuseScore 3.6 domin wannan aiki, ko da yake na 4 ya fito tun Disamba 2022, saboda a na 3 ina ganin lambar tashar kowane layi a fili kuma ina iya canza ta. Ogan ɗin yana da allunan maɓallai na hannu da kuma wanda ake takawa da ƙafa. Layin babban allo na ba shi tasha ta 1, ƙaramin allo ta 2, allon ƙafa ta 3, sannan na nuna wa GrandOrgue wadda kowane allo zai saurara. Sai a kashe sautin MuseScore, in ba haka ba ogan biyu za ka ji suna rige-rige. Abu ɗaya da ya kamata mutum ya sani tun farko: idan ka fitar da MP3 daga MuseScore, tsohon sautin zai ba ka. Dole ka kunna waƙar ta tafi daga farko zuwa ƙarshe, GrandOrgue tana ɗauka a WAV, daga baya ka matse ta a Audacity, manhajar gyaran sauti. Idan kuma aka ɗauke wuta laftof ya koma kan batir, yakan rage gudu sautin ya fara tsattsagewa. Maganinsa ƙara girman bofa, wato ɗan sautin da manhaja ke tarawa kafin ta fitar. Jinkirin da hakan ke jawowa mai bugawa da hannu kaɗai yake cuta, ni kuwa manhaja ce ke buga mini.

Duk wannan sharar fage ce. Da na gama, sautin ya yi daɗi, amma har yanzu inji ne ke kiɗa, kuma a nan ne na fi daɗewa.

Ogan bai san ƙarfin yatsa ba. Ko ka danna a hankali ko ka doka, iskar da ke shiga bututu ɗaya ce. Saboda haka duk alamomin "a hankali" da "da ƙarfi" da na cika takarda da su ba su motsa komai ba. Ƙarfi daga yawan muryoyi yake zuwa, ko daga buɗe ƙyauren akwatin da wasu bututun ke ciki. Lambobin da ke jikin muryoyin tsawon bututu mafi girma suke nufi: mai ƙafa 8 tana yin sautin da aka rubuta, mai ƙafa 4 tana hawa okta ɗaya (daga do zuwa do ta gaba), mai ƙafa 2 okta biyu, mai ƙafa 16 tana sauka ɗaya. Yanzu baitin farko nakan buɗe muryoyin Principal 8 da 4, baitin da ke maganar addu'a ko tuba in koma Gedackt 8 ita kaɗai, sai a baitin ƙarshe in ƙara Mixture, wani lokaci da Trumpet. Da linzami nake canzawa a tsakanin baitoci yayin da ake ɗauka. Mutum yakan ji kwaɗayin buɗe komai gaba ɗaya, tunda ga su nan kyauta, amma wanda ya fara da duka ba shi da abin da zai ƙara a ƙarshe.

Sai numfashi, wanda a ganina ya fi duk wani rumbun samfur muhimmanci. Manhaja tana riƙe kowane nota kusan cikakken tsawonsa. A fiyano ba a lura, don sautin yana dusashewa da kansa. A ogan kuwa, idan nota ɗaya ya maimaitu, misali so ta biyo so ta biyo so, sai su manne su zama doguwar so guda ɗaya. Waƙoƙinmu da aka juya zuwa Hausa cike suke da irin wannan, domin sau da yawa gaɓoɓin kalma sun fi na asali yawa, an raba nota ɗaya gida biyu. Mawaƙi yana jiran ya ji inda gaɓa ta faɗi, ogan kuma ya shafe wurin. Abin da na yi shi ne na ware layukan ogan daban, ba waɗanda nake buga wa mawaƙa a takarda ba. A cikinsu nake rage notan da za a maimaita zuwa rabi in cike da hutu, a sofrano da bes, na alto da tena kuma in ɗaure su don kada kiɗan ya yi ta tsalle. Ƙarshen kowane layi nakan yanke ɗan lokaci daidai inda jama'a ke jan numfashi. Nakan rera da bakina ina gyarawa, maƙwabta dai sun saba.

Waya ma ta koya mini nata. Do mafi ƙasa a muryar ƙafa 16 tana kaɗawa kusan sau 33 a daƙiƙa, sifikar waya kuwa ba ta kai can. A iyafis ɗina ƙasa har girgiza take, amma 'yan bes suka ce ba su ji layinsu ba sam. Na ƙara wa allon ƙafa murya mai ƙafa 8 da mai 4, layin ya fito. Haka nan amsa-kuwwar babban gini, mai daɗi a kunne, tana cakuɗa notoci ga mai koyo, shi ya sa fayilolin gwaji na Bureå nake yi musu. Kafin ɗauka kuma ina duba cewa la tana kaɗawa sau 440 a daƙiƙa kuma an zaɓi daidaitaccen saitin notoci, domin wasu ogan ɗin Turai suna da nasu tsohon saitin da ba zai jitu da kibod ɗinmu ba.

Shugabar zumuntar mata ta tare ni ta ce, "Malam, mu ma a sa mana a namu." Na ce, "Mama, ku yi haƙuri, naku ganga da tulu ne suka san hanyarsu." Waƙar da ake bayarwa ana amsawa, mai bayarwa tana ƙara baiti yadda ta ga dama, ba ta zama a kan takarda balle ogan ya bi ta. Ko waƙoƙin littafi ma ban yarda a kunna ɗaukar a sujadar Lahadi ba. Jama'armu sukan ja baiti na uku fiye da na farko, fasto kuma yana iya cewa a maimaita amshi, fayil kuwa ba ya jiran kowa. Abin da nake tara wa kuɗi yanzu shi ne wayar MIDI mai kyau da ƙarin RAM, don in haɗa kibod ɗin majami'a da GrandOrgue in buga da hannuna.