Takobin da ya zame daga kube

Shagona yana Tudun Wada, ɗaki ɗaya ne da wani ɗan lungu da muka liƙa wa tsofaffin katifu a bango saboda ɗaukar murya. Kwamfuta uku, kyamara biyu, yara huɗu. Abin da ke ciyar da mu bidiyon biki ne da suna da walimar sauka, sai tallan 'yan kasuwa da ake ɗorawa a Facebook da TikTok. Amma abin da ya sa na buɗe shagon tun farko shi ne haɗa fim: in zauna da ɗanyen hoton da aka kwaso daga lokeshin, in yanke, in jera, har ya tashi labari.

Duk yaron da iyayensa suka kawo min koyon wannan aiki, makon farko ba ya taɓa kwamfuta. A benci nake zaunar da shi, in kunna masa wani yanki daga kashi na biyu na The Lord of the Rings, wanda ake kira The Two Towers, da ya fito a Disambar 2002. Ba duka ba, don fim ɗin saura kaɗan ya cika awa uku. Wajen farko kawai, inda mayaƙa uku suke bin sawun abokansu biyu da rundunar dodanni ta sace, har suka gamu da mahayan ƙasar Rohan, har suka isa inda aka tara gawarwakin dodannin aka cinna musu wuta. In ya ƙare sai in tambaye shi me ya gani. Amsar kusan ɗaya ce kullum: "Oga, fim ɗin ya haɗu." Sai in ce to mu sake.

A wannan ɗan yanki akwai abubuwa uku da nake so idonsa ya kama.

Na farko takobi ne. Shugaban mahayan, Eomer, ya gama magana da baƙin nan uku, ya ba su dawakai biyu, ya juya zai hau nasa. Yana ɗaga ƙafa, kuben ya karkata, takobin ya zame ya fita. Bai waiwaya ba, ya ja rundunarsa suka wuce. Ni kaina na kalli wajen nan ba adadi kafin in lura. Amma akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi shekaru yana kula da dawakan wani hakimi, duk hawan Sallah da shi ake yi. Wata rana ya shigo a tura masa karatu a memori, ya tarar muna kallo, ya tsaya a bakin ƙofa. Kallo ɗaya ya yi ya ce, "Ɗana, mayar da shi baya. Wancan ya yar da takobinsa." Na ce, "Baba, ya aka yi ka gani?" Ya ce shi in mutum zai hau doki ba fuskarsa yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo a likkafa, sai majayi, sai abin da ya rataya. Tun ranar nake gaya wa yarana cewa kowane mai kallo da inda idonsa ke sauka. Tela ɗinki zai duba, mai doki sirdi zai duba, uwar amarya kuwa sarƙar wuyan 'yarta za ta duba ko ta karkace. Edita dole ya ari idon kowa.

Na biyu igiya ce. Pippin, ɗaya daga cikin waɗanda aka sace, hannuwansa a ɗaure suke. Da dare mahaya suka afka wa dodannin, ya faɗi rigingine, doki ya ɗaga ƙafafu a kansa, ya buɗe hannuwa yana ihu, babu igiya ko kaɗan. Can gaba kuma, lokacin da Aragorn, ɗaya daga cikin mayaƙan nan uku, yake karanta sawu a ƙasa, sai aka nuno su suna jan ciki da hannu a ɗaure, har suka samu kaifin makami suka yanke igiyar. Wannan shi ne ainihin kuskuren ci gaban shiri, abin da 'yan fim ke kira kwantiniti. Kuma ba abin mamaki ba ne in ka san yadda aka yi aikin. Fim ɗin kashi uku ne, kuma daraktan, Peter Jackson, a tare ya ɗauke su a ƙasar New Zealand, daga Oktoban 1999 zuwa Disambar 2000, kwana 274 na ɗauka, tawaga da dama suna aiki a wurare daban-daban a lokaci guda, sannan aka riƙa kiran jarumai suna dawowa ana cike gurbi. Abin da mai kallo ke gani a daƙiƙa goma, mai yiwuwa tsakanin farkonsa da ƙarshensa akwai makonni.

A nan yaro kan ce, "To Oga, duk kuɗin nan da suka kashe ba su gani ba?" Ni a sanina na wannan aiki, mutumin da ya maimaita hoto ɗaya sau ɗari a kan tebur da wuya irin wannan ya wuce shi. Abin da ke faruwa shi ne kana da ɗauka biyar. A huɗu igiya tana nan amma tsoron bai fito a fuskar jarumi ba. A ɗaya tsoron ya fito har ka ji shi a ƙirjinka, amma babu igiya. Dole ka zaɓa, kuma ba za ka koma daji ka tara dawakai don igiya ba. Na sha zama a wannan kujera.

Abu na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni, kuma shi ba a ganinsa sai an gaya maka. Da Aragorn ya isa wajen gawarwakin ya ɗauka abokansa sun ƙone a ciki, sai ya shuri wani kwalkwali, ya kurma ihu, ya durƙushe. An yi ta maimaita ɗaukar don ana so kwalkwalin ya wuce kusa da kyamara. A ta ƙarshe jarumin, Viggo Mortensen, ya karya yatsun ƙafa biyu. Ihun nan na zafin karaya ne, amma bai tsaya ba, ya juya zafin ya zama kukan rashin abokai, kuma ita aka saka a fim. Haka wajen gudun da aka ɗauko mayaƙan uku daga sama suna ratsa tsaunuka: shi da karyayyun yatsu, jarumi na biyu, Orlando Bloom, da karayar haƙarƙari bayan ya faɗo daga doki, mai tsaya wa na ukunsu, Gimli, a hotunan nesa kuma da ciwon gwiwa. Ina nuna wa yarana wannan don su daina gaggawar goge ɗaukar da wani abu ya faru a cikinta. Sau da yawa wadda aka ce ta lalace ita ce mai rai. A bidiyon biki ma haka ne. Lokacin da mayafin amarya ya zame ƙanwar babanta ta miƙo hannu ta gyara mata tana share hawaye, yaron da bai ƙware ba yankewa zai yi, alhali nan ne dangi za su yi ta mayarwa baya shekara goma.

Duk da haka ban yarda a fake da wannan a yi sakaci ba, don na ɗanɗana kuɗarsa. Shekarun baya wani furodusa ya kawo min aikin fim na tatsuniya, labarin wani mafarauci da ya shiga dajin aljanu neman ƙanwarsa. An ɗauki kashi na farko a gindin dutsen Kufena da damina, ko'ina kore shar, jarumin a kan kili. Fim ya karɓu daidai gwargwado, sai aka ce a yi na biyu. Kafin kuɗi su haɗu har an shiga hunturu. Kashi na farko ya ƙare jarumi yana shiga tsakanin duwatsu, na biyu zai fara yana fitowa ta ɗaya gefen, wato a labari ko minti biyar ba a yi ba. Da aka kawo min hoton na buɗe, sai na ga ciyawa ta bushe, hazo ya rufe dutsen, jarumi ya tara gemu, dokin kuma akawal ne, don mai kilin ya sayar da abinsa bayan Sallah. Rawanin ma naɗin ya bambanta. A bayansa can nesa ga ɗan acaɓa yana wucewa, a labarin da aka ce tun kafin zuwan Bature ne.

Kwana tara na yi a kan minti huɗu. Ɗan acaɓan na matso da hoton na fitar da shi, duk da hoton ya ɗan dushe. Ledar ruwa da ke maƙale a ƙaya na rufe ta firem bayan firem, da janareta, don a makon wuta ba ta zauna ba. Doki kuwa ba yadda za a yi da shi. Ƙarshe na ba da shawara a kira jarumin ya shigo lungun katifun nan, muka ɗauki muryarsa yana cewa ya shiga kogon da damina, ga shi ya fito da hunturu, ashe kwanan aljanu ba irin namu ba ne, har dokinsa sun musanya masa. Maganar ta zauna a labarin, wasu ma suka ce nan ya fi burge su. Amma kuɗin man da na ƙona da aikin biki biyu da na mayar a kwanakin nan ba wanda ya biya ni, kuma furodusan har yau yana ganin gyara ne na yini ɗaya.

Daga wannan aikin na kafa doka. Duk fim ɗin da zan haɗa, sai yarona ya bi su lokeshin da littafi mai ganye arba'in da waya. Kafin a ce an fara, ya ɗauki hoton kowa daga hula zuwa takalmi. Ya rubuta hannun da ke riƙe da sanda, inda shayi ya tsaya a kofi, gefen da jelar rawani ta faɗa, ƙofa a buɗe take ko a rufe, inuwa ina ta nufa. Wasu daraktoci suna jin haushi, suna ganin ɓata lokaci ne rana tana tafiya. Nakan ce musu minti biyu a can ya fi kwana biyu a nan, kuma farashina da littafi daban, babu littafi daban.

Wani abin da na ɗauka daga wancan fim shi ne sha'anin sauti, wanda mu nan muka fi raina shi. Maganganu da yawa da ake ji a ciki ba a lokeshin aka ɗauke su ba, daga baya jaruman suka shiga situdiyo suka sake faɗa suna bin bakinsu a allo. John Rhys-Davies da ya fito a Gimli shi ne kuma ya yi muryar wata tsohuwar bishiya mai tafiya da ke cikin fim ɗin, mutum ɗaya murya biyu, irin abin da masu fassarar finafinan Indiya suke yi kullum a nan Arewa. Rurin rundunar dodanni kuwa, darakta filin wasan kurket ya shiga a Wellington a 2002, ana cikin hutun wasa, ya sa 'yan kallo wajen 25,000 suka yi ta rera kalmomin da aka rubuta musu a babban allo. Da na ji wannan, sai na daina saukar da ihun yaƙi daga intanet, wanda kowa ya san ba muryar Bahaushe ba ce. Na ɗauki rakoda na je filin ƙwallon unguwa ranar wasan ƙarshe, na roƙi matasa bayan an tashi suka yi min kuwwa da sowa da kirari na minti goma. Har yau da shi nake aiki, kuma in ka kasa kunne za ka ji ihun namu ne.

Yaƙin ganuwar Helm's Deep da ya cinye ƙarshen fim ɗin watanni aka yi ana ɗaukarsa, yawanci da dare cikin ruwa, a wani wurin fasa dutse kusa da Wellington. Dubban mayaƙan da ake hangowa daga nesa wata manhaja mai suna Massive ce ta ƙirƙire su, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar biyu, ta dabarun hoto da ta gyaran sauti. Mu ba mu da wannan. Amma akwai dabararsu da ba ta kwamfuta ba: da suka nemi ƙwararrun mahaya masu dawakai, da yawa daga waɗanda suka samu mata ne, sai aka liƙa musu gemu aka sa musu kwalkwali suka shiga runduna. Da na gaya wa dattijon nan maƙwabcina, ya sa na mayar masa wajen sau uku yana duba zaman kowa a kan sirdi, sannan ya ce ko su wane ne, sun iya hawa. Ya ƙara jin daɗi da na ce masa Mortensen bayan an gama aiki sayen dokin da ya hau ya yi, don sun shaƙu.

Sabon yaron da aka kawo min daga Gyallesu yau kwanansa shida a benci. Takobin ya kama a kallo na uku, igiyar a na biyar. Jiya ina haɗa bidiyon wani ɗaurin aure da aka yi a Ƙofar Doka, yana tsaye a bayana bai ce komai ba, sai can ya miƙo yatsa ya ce, "Oga, hular waliyyin ango a nan ta karkata dama, a wancan hagu." Na duba, gaskiyarsa, kyamara ta biyu an ɗauka ne bayan mutumin ya dawo daga alwala. Na sauya jerin, na sa hoton masu raba goro a tsakani. Ranar Litinin zan ba shi kwamfutar da ke kusa da taga, ya fara da bidiyon suna.