Kafin a Sayi Keken Jariri, a Duba Hanyar Ƙofar Gida

A 'yan shekarun nan keken jarirai ya shiga jerin kayan haihuwa a gidaje da yawa na biranenmu, har ya samu wuri kusa da bahon wanka da gidan sauro da akwatin kayan sawa. Wani lokaci maigida ne yake sayowa tun ciki bai tsufa ba, wani lokaci kuma dangi ko abokan aiki ne suke haɗa kuɗi su kawo shi cikin kayan barka ranar suna. Abin da yake damuna shi ne yawan kekunan da nake tararwa a gidajen 'yan'uwa da ƙawaye an jingine su a bayan ƙyaure, ƙura ta rufe rumfarsu, ko kuma an mayar da su wurin tara wanki, alhali an zuba kuɗi masu yawa wajen sayensu. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an zaɓi keken ne a kan santsin daɓen shago, ba a tuna da ƙasar da zai taka a unguwa ba.

Irin keken da aka fi gani yanzu, mai naɗewa kamar lema, wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila mai suna Owen Maclaren ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1965, kuma ya fi dacewa da garuruwan da aka ware wa masu tafiya a ƙafa hanya shimfiɗaɗɗiya a gefen titi. Mu kuwa a yawancin unguwannin Kano ko Katsina ko Maraɗi, abin da yake jiran keken shi ne dokin ƙofar zaure, sai kwatar da ke bakin gida, sai yashin lungu, sannan a fito titin da babu inda za a raɓe wa babura da adaidaita sahu. Saboda haka shawarar farko da nake ba duk wadda ta tambaye ni ita ce ta taka da ƙafarta daga ƙofar ɗakinta zuwa inda take jin za ta riƙa kai jaririn, tana lura da matakala nawa za ta hau, da faɗin ƙofofin da za ta ratsa, da wuraren da dole sai an ɗaga keken sama. Wadda take zaune a bene hawa na biyu ta sani cewa duk fita sai ta sauko da keken sannan ta koma ta ɗauko jaririn, ko kuwa ta nemi mai taimako, kuma manyan kekuna masu gado sukan haura kilo 10.

Ya kamata in faɗi gaskiyar ra'ayina tun daga nan, cewa babu keken da zai maye gurbin zani da majanyi. Jaririn da ke goye yana jin ɗumin uwarsa da motsinta, ita ma tana jin numfashinsa da zafin jikinsa, hannuwanta kuma suna sake, ta shiga kasuwa ta fita, ta hau mota ta sauka ba tare da neman wurin ajiye kaya ba. Duk da haka akwai matan da keke yake musu rana ƙwarai. Wadda aka yi wa tiyata wajen haihuwa takan ɗauki makonni kafin ta iya ɗaure majanyi a cikinta. Mai tagwaye bayanta ɗaya ne, haka ma wadda ta yi haihuwar kusa da kusa, tana da na hannu ga na goye. Akwai masu ciwon baya, akwai mazauna rukunin gidaje masu kwalta da gidajen ma'aikatan jami'a, akwai kuma 'yan'uwanmu da karatu ko aiki ya kai su Masar ko Malesiya ko Ingila, inda tafiyar ƙafa mai nisa take cikin hidimar yau da kullum. Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne, tunda a al'adarmu namiji ba ya goyo, keke yana ba uba damar fita da ɗansa bayan la'asar, mai jego ta samu ta runtsa ko na awa guda ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin wadda ta kwana tana shayarwa.

Idan an tabbatar ana bukatarsa, abin da ya fi komai muhimmanci ga sabon jariri shi ne keken ya kwanta sosai, ya miƙe kamar gado. Kan jariri yana da nauyi idan aka kwatanta da sauran jikinsa, wuyansa kuma bai yi ƙwarin da zai riƙe kan ba, don haka idan aka kishingiɗar da shi a kujerar da ta ɗan tashi, kansa yakan rinjayo gaba har haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa, hanyar numfashinsa ta matse. Abin tsoro a nan shi ne ba lalle ne ya yi kuka ba, mai kallo sai ya ɗauka barci yake yi. Shi ya sa likitocin yara suke cewa a bar jariri a kwance rigingine, a kan katifa mai ɗan tauri, har ya kai wajen wata 6 ko ya fara zama da kansa. Mai shago zai iya cewa, “Hajiya, ai wannan daga haihuwa ne har shekara uku,” amma kada a tsaya a kan maganarsa. A sa shi ya kwantar da majinginar har ƙarshenta, a tsuguna a duba ta gefe, a shafa da tafin hannu a ji ko akwai tudu ko rami a wurin da baya zai sauka. Idan majinginar ta tsaya a karkace, to keken na yaron da ya iya zama ne, kuma cusa filo ko naɗaɗɗen zani domin a daidaita shi ƙara haɗari ne, domin kayan laushi kusa da fuskar jariri suna iya toshe masa hanci. Akwai kuma kekunan da ake ɗora musu kujerar mota ta jarirai a sama. Suna da sauƙi idan za a fito daga mota a shiga asibiti, sai dai kujerar mota a lanƙwashe take, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce awa 2 a cikinta a jere, sabon haihuwa kuwa ƙasa da haka.

Abu na biyu da nake so a tsaya a kansa shi ne zafi, domin a nan ne al'adarmu mai kyau take iya jawo cutarwa. Mun saba lulluɓe jariri da mayafi idan za a fita, saboda rana da ƙura da iska, wasu kuma saboda idon mutane, kuma da an samu keke sai a yafa mayafin a kan rumfar har ƙasa. Wannan yana hana iska shiga, sai cikin keken ya ɗauki zafi fiye da waje. Masu bincike a Jami'ar Sydney ta ƙasar Ostireliya sun auna haka a wani aiki da suka fitar a 2023, inda suka gano cewa rufe keke da busasshen ƙyalle yana iya ƙara zafin cikinsa da kusan digiri 4, yayin da jiƙaƙƙen ƙyalle marar kauri tare da ƙaramar fanka mai batir ya rage zafin da fiye da digiri 4. Duk wanda ya san Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ya san abin da ƙarin digiri 4 yake nufi ga jikin da bai iya daidaita zafinsa kamar na babba ba. Saboda haka a nemi keke mai faffaɗar rumfa wadda take yin inuwa ba tare da an ƙara mata komai ba, mai tagar raga a baya ko a gefe, kuma mai launi mai haske, domin baƙin yadi yana shan rana. Idan ana tafe a riƙa sa hannu a bayan wuyan jaririn ko a ƙirjinsa, in an ji gumi ko zafi a nemi inuwa a rage masa kaya a ba shi mama. Ledar da ake haɗowa da wasu kekuna ta ruwan sama ce, bai dace a rufe jariri da ita saboda ƙurar hunturu ba. A tuna kuma cewa jaririn da ke cikin gajeren keke fuskarsa tana daidai da salansar motoci, don haka keke mai ɗan tsayi ya fi, kuma kauce wa cunkoson titi ya fi duka.

Gidan sauro kuwa bai kamata a ɗauke shi a matsayin kwalliya ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya suna nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ne suka fi mutuwa da ita. Idan keken bai zo da ragarsa ba, a sayi mai roba a baki wadda za ta kama shi ta ko'ina, musamman ga masu fita da jariri tsakar gida bayan magariba.

Sauran abubuwan ana iya gwada su a tsaye cikin shago, kuma ina roƙon iyaye mata kada kunya ta hana su. Tayoyi ƙanana na roba mai tauri suna nutsewa a yashi, manya ne suke ratsa shi. Masu iska sun fi laushin tafiya amma ƙaya tana huda su, sai an riƙa kai su wurin mai faci, shi ya sa na fi son manyan da cikinsu yake cike, waɗanda ba sa sacewa. Tayoyin gaba su kasance masu juyawa, amma da makullin da zai tsayar da su idan an shiga gargada. A taka birki, sannan a tura keken da ƙarfi a ga ko zai motsa. Maɗaurin jiki ya zama mai rassa 5, biyu a kafaɗu, biyu a ƙugu, ɗaya tsakanin ƙafafu, domin yaron da ya fara wayo yana iya zamewa ta ƙarƙashin wanda yake a ƙugu kaɗai. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a wani shago a Sabon Gari ta rungume jakarta a hannun hagu kamar jariri, ta naɗe keken da hannun dama, ta buɗe, ta sake naɗewa, sannan ta ce a fito mata da shi waje ta gwada shi a but ɗin motarsu kafin ta biya. Wannan shi ne gwajin da ya dace, kuma wadda adaidaita sahu take hawa sai ta auna ko keken zai shiga gabanta idan an naɗe shi. Jaka kuma wurinta kwandon ƙasa ne, domin rataya ta a mariƙi yana iya kifar da keken ta baya da jaririn a ciki.

Da yawa daga cikinmu gwanjo muke saya, kuma ban ga aibi a cikin hakan ba, domin sau da yawa tsohon keke mai inganci ya fi sabo marar ƙwari. Sai dai yana bukatar ido. A jikin ƙarfen ko a ƙarƙashin kujera akan samu takarda mai ɗauke da sunan kamfani da lambar samfuri da shekarar ƙira, tare da alamar EN 1888 idan an yi shi bisa ƙa'idar Turai, ko ASTM F833 idan ta Amurka ce. Yana da kyau a rubuta sunan da lambar a intanet a ga ko an taɓa janye irinsa daga kasuwa. A 2009 kamfanin Maclaren ya janye kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka, bayan rahotannin yara 12 da gaɓar naɗewar keken ta datse musu kan yatsa, kuma kayan da aka daina amfani da su a can babu abin da zai hana su biyo dilar gwanjo. A duba gaɓoɓin da kyau, a tabbatar makullin da ke hana keken naɗewa da kansa yana kamawa, a shinshina yadin ko akwai warin rima, sannan a cire shi a wanke a shanya a rana kafin jariri ya hau.

Akwai wani abu da ya shafi gidajenmu masu yawan yara. Keke yana jan hankalin yayye, kuma cikin ɗan lokaci sai a ga sun mayar da shi abin tsere a tsakar gida da ƙaninsu a ciki. Haka ma 'yar raino mai shekara tara ko goma ba ta da ƙarfin tare shi a gangara, ba ta kuma da tsayin da direba zai hango ta idan ta fito daga lungu. Idan ba a amfani da shi a naɗe shi a ɗaga, kuma kada ya zama gadon kwanan dare.

Game da lokacin saye, ban ga dalilin gaggawa ba. Mai jego ba ta cika fita ba sai ta yi arba'in, kuma babbar fitarta ta farko takan zo daidai da rigakafin mako 6, wanda na mako 10 da na mako 14 suke biyo baya. Shawarar da na ba ƙanwata ita ce ta ari keken maƙwabciyarta, wanda yake kwanciya sosai, ta je rigakafin farko da shi, ta ga yadda za ta tsallake kwatar ƙofar gida da shi, da yadda zai shiga abin hawa, da ko akwai wurin ajiye shi a layin asibiti. Dangin da suke da niyyar kawo keke a kayan barka kuma na roƙe su su riƙe kuɗin tukuna, har ta dawo ta faɗi irin wanda zai yi mata, ko kuma ta ce a saya mata wani abin da ta fi bukata.