Injin niƙa ne ya riƙe mana tashar sola

Ranar da muka fara durƙusawa a gaban dagaci da maganar kawo wuta, a farkon 2021, bai tambayi farashi ba. Cewa ya yi, "Ɗana, in kun kafa, gobe gwamnati ta jawo tata wayar, ya za ku yi da mu? Ku tattara kayanku ku bar mu da turaku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai doka a kan haka."

Akwai kuwa. Ni ma'aikacin wani ƙaramin kamfani ne mai kafa tashoshin sola a karkara, aikina zama da jama'a. Dokar da na ambata ita ce ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta ta 2016 da hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta fitar, wadda shirin tallafa wa harkar makamashi, NESP, ya taimaka wajen tsarawa da kuɗin Tarayyar Turai da gwamnatin Jamus. Ta ce tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta. Ta kuma ce in kamfanin rarraba wuta ya iso garin daga baya, ba zai kori mai lasisi hannu rabbana ba, sai an yi yarjejeniya ko an biya shi diyya. A da ina raina tallafin da ke ƙarewa a taron otal da takardu. Amma ba don wannan takarda ba, maigidana ba zai zuba ko sisi a ƙauyen ba.

Kuɗin kuma ta wata hanya suka zo. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 350 don shirin samar da lantarki na NEP, Bankin Raya Afirka ya ƙara miliyan 200, aka ba hukumar samar da lantarki a karkara, REA, gudanarwa. Rance ne a wuyan ƙasa, mu kuma ya iso mana a matsayin tallafi. Tsarinsa shi ne ka gina da kuɗinka, ka ja waya, ka sa mita, a zo a tantance, sannan a biya ka a kan kowane gida ko shago da ka haɗa.

Nan muka yi wautarmu. Tunda a kan kowace mita ake biya, sai muka bazama ƙirga gidaje. Na yi makonni ina bin zaure-zaure da littafi, kowa na ce masa nawa zai iya sayen wuta a wata, ya faɗi abin da zai faranta min rai. Wa zai ce wa baƙo ba shi da hali? Aka kunna wuta, aka yi guɗa, yara suka kwana a ƙarƙashin fitilar masallaci. Bayan wata uku muka duba lissafi, jikinmu ya yi sanyi. Yawancin gidaje ƙwan fitila biyu ne da cajin waya. Da tsakar rana, lokacin da farantan sola ke cika batir har wuta ta rasa inda za ta, garin ya tafi gona. Da magariba kowa ya kunna a lokaci guda, batir ya sha wahala.

Duk wannan lokacin, a bakin kasuwa, injin niƙa na ta ƙara da hayaƙin dizal, kusa da turakunmu. Ko sau ɗaya ban zauna da mai shi ba, don a littafina shi ma mita ɗaya ne.

Da na je, dariya ya yi. "Malam, wutarku ta ƙwai ce, ba za ta ja dutse ba." Muka sayo masa injin juya dutsen niƙa mai aiki da lantarki a kan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, muka rage masa farashin wutar rana. Ya gindaya sharaɗin ba zai sayar da tsohon injinsa ba, ya lulluɓe shi da buhu a gefe. Sai mai walda ya biyo, sai wata baiwar Allah mai ƙanƙara da zoɓo ta sa firiza. Su ukun nan sun fi unguwa guda sayen wuta.

Da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 masu janareta suka ƙara matsowa gare mu, amma faɗuwar naira ta cinye murnar. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Mu da naira muke karɓar kuɗin wuta, batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida) kuwa da dala ake sayo su. Sai da muka koma gaban dagaci neman ƙarin farashi, zaman da ya kai mu har la'asar, kuma rabin abin da muka nema muka samu.

A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da sabon shirin samar da lantarki, DARES, na dala miliyan 750, kamfaninmu na neman shiga da wasu garuruwa biyu. Na je ɗaya a watan jiya. Mai unguwa ya kawo min jerin sunayen magidanta, na karɓa na sa a jaka, na roƙe shi ya fara raka ni wurin masu niƙa.