Monteil, Baturen da sunansa ke nufin tudu

Jiya da yamma ina zaune a soro ina duba tsohon littafin tarihi na Baba, sai na ci karo da sunan Monteil, wani sojan Faransa da ya shigo Kano a 1891, zamanin Sarki Bello, kafin ya wuce Kukawa. Ana furta sunan kamar Montey. Ni kuwa da na yi shekara uku ina karatun Faransanci ban taɓa jin mai shi ba. Martin ne sunan da ya cika Faransa, kamar Muhammadu a wajenmu.

Shi sunan Monteil asalinsa daga yaren Oksitan ne na kudancin ƙasar, ma'anarsa ƙaramin tudu. Wanda gidansa ke kan tudu, ko wanda ya fito daga ƙauye mai wannan suna, shi ake kira haka, har jikoki suka gada. Shi ya sa aka fi samunsu a yankunan duwatsu irin su Korez da Kantal.

Na faɗa wa Baba, ya yi dariya ya ce, "To ai Malam Dala ke nan, ɗan nan." Ya ci gaba da jan carbinsa.