Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Muka Tambayi Auta

A makon jiya na tsaya ne a kan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, da yadda gidanmu na Zariya ya cika da masu ta'aziyya. Bayan an yi sadakar arba'in baƙi sun watse, sai maganar da kowa yake kauce mata ta taso, wato wanda zai riƙe Auta.

Shekarar Auta 27 a lokacin. An haife shi da lalurar Down, wadda likita ya bayyana mana cewa tana samuwa ne idan jariri ya zo da kuromosom (wato ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki) 47 maimakon 46, ƙarin kuma a kan mai lamba 21 yake. A unguwa babu mai yin wannan bayani. Wasu su ce galahanga, wasu su ce ɗan ruwa ne, yara kuma su bi shi suna kiransa dolo. Baba ne yake riƙe hannunsa zuwa masallaci, shi ne kuma yake fassara mana maganarsa idan harshensa ya yi nauyi. Hajiya kuwa ciwon gwiwa ya riga ya zaunar da ita.

Yaya, babbanmu, ya zo da shawararsa a kammale: zai tafi da Auta gidansa na Kaduna, a ba shi ɗaki da talabijin, ga katanga ga maigadi, babu yaron da zai sake tsokanarsa. Dukanmu muka yi na'am, ni ma har da yi masa godiya. 'Yarsa ta fari, wadda ta karanta ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Bayero ta Kano, tana zaune daga bakin ƙofa, sai ta durƙusa ta ce, "Baba, a gafarce ni, amma an tambayi Baffa Auta kuwa?"

Ɗakin ya yi tsit. Gaskiyar magana ita ce a cikin shekara 27 ban tuna ranar da wani a cikinmu ya nemi ra'ayinsa a kan abin da ya wuce abinci ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Ta bayyana mana cewa akwai tsarin da masu kula da irin su Auta suka ɓullo da shi a Amurka da Kanada a shekarun 1980, lokacin da ake rufe manyan gidajen da ake killace masu lalurar ƙwaƙwalwa ana mayar da su cikin jama'a, kuma gwamnatin Ingila ta sa shi cikin manufofinta a 2001. Ginshiƙinsa shi ne mai lalurar ya zauna a tsakiyar taron da ake yi dominsa, ya zaɓi waɗanda za su halarta, sannan a rarrabe abubuwa biyu: abin da ransa yake so, da abin da lafiyarsa da tsaronsa suke buƙata. Da ta faɗi haka sai na ga cewa mu duk rayuwarmu na biyun kaɗai muka sani, ɗakin Kaduna ma shi ne.

Ranar Asabar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Auta ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a, kuma da aka ce ya zaɓi wanda yake so ya zo, sai ya tafi da kansa ya jawo telan da ke ƙofar gidanmu, mutumin da bai taɓa zuwa zuciyar ɗayanmu ba. Yarinyar ta riga ta zagaya da wayarta ta ɗauko hotuna: masallaci, shagon tela, ɗakin tattabarun Baba, gidan Kaduna, kasuwa. Tana nuna masa ɗaya bayan ɗaya tana jira, idan na buɗe baki zan amsa masa sai ta taɓa hannuna a hankali ta ce, "Gwaggo, a ba shi lokaci." Da aka zo kan hoton tattabaru ya dafe wayar da tafin hannunsa, ya daɗe yana kokawa da kalmar, sannan ya ce, "Nawa. Baba ya ba ni." Ashe tun ranar jana'iza shi ne yake zuba musu dawa da ruwa kowace safiya, mu muna can muna lissafin inda za a kai shi. Hoton Kaduna kuwa ture shi ya yi, ya kawar da kai.

Telan ya ƙara mana abin da ba mu sani ba, cewa Auta ya fi shekara biyu yana zare masa zaren ɗauri yana ninke kayan da aka gama, kuma bai taɓa haɗa rigar wani da ta wani ba.

Ɓangaren lafiya ya fi wuya, domin nan ne son ransa da buƙatarsa suka yi karo. Masu lalurar Down suna yawan samun matsalar tayirod (wata halitta a wuya mai daidaita aikin jiki) da ta ji da kuma ƙiba, kusan rabinsu ma da ciwon zuciya ake haifarsu, Auta kuwa shayi yake sha da sukari cokali huɗu. Yaya ya ce a hana shi gaba ɗaya. Aka yi ta muhawara har aka tsaya a kan cokali ɗaya, shi da kansa zai zuba, kuma ni zan riƙa kai shi gwajin jini da duba kunne sau ɗaya a shekara.

Yarinyar ta rubuta kome a takarda guda, kowane aiki da sunan mai yinsa da ranarsa. Ƙanenmu da ke zaune a gidan zai riƙa raka shi sallar Asuba da Isha'i, ta rana kuma ya tafi shi kaɗai tunda masallacin a layinmu yake. Telan zai riƙa ba shi ɗan lada duk Alhamis. Kuɗin da Yaya ya ware domin gyaran ɗaki za a biya matar da za ta taya Hajiya aiki da su. Aka sa wata uku a sake zama a duba abin da ya yiwu da wanda ya gagara.

Yaya bai gamsu ba, kuma ba zan ce tsoronsa ba shi da tushe ba. Da zai shiga mota ya dube ni ya ce, "Duk abin da ya same shi a kan hanyar nan, ke da 'yarki za ku amsa mini." Kwana goma sha ɗaya bayan haka Auta ya fita sallar La'asar, har aka kira Magariba bai dawo ba. Daga nan zan ɗora a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.