Godiya ga duk wanda ya tsaya muna daga Agye har Maraɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi Allah ya nuna muna ƙarshen tahiyar nan lahiya. Aminina ya taso da gudu daga Agye bayan sallar asuba ranar Asabar, ya shigo Maraɗi ana shirin kiran magariba, kusan kilomet 80 bisa gudron da ya hito daga Damagaram, kuma da ƙafafunshi ya shigo, ba ɗauko shi anka yi ba. Saƙonninku sun yi yawa a WhatsApp ba ni iya amsa ma kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuto nan, shi ma ya ce in yi godiya da bakinshi don har yanzu hutawa yake.

Da yawa sun tambaye ni to mi zai samu, takobi za a ba shi? Na gane tambayar, mu nan kokowa munka sani tun da Kantu ya ɗauko takobin farko a Tawa a 1975. Babu takobi babu kuɗɗi, niyya ce ya ɗauka. Marato kilomet 42 ne da mita 195, duk abin da ya wuce haka ya shiga dogon gudun da ake ce ma ultra, kuma shi ya daɗe yana kallon Comrades ta Afirka ta Kudu wadda ake yi tun 1921 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomet 90, wanda bai iso cikin awa 12 ba a rufe ƙofa. Sai ya ce shi ma zai gwada kanshi nan ƙasarmu, ya ɗora ma kanshi awa 12 ɗin, kuma ya shigo kahin su cika.

Ni ranar da wani gudun na fara, na kilomet 10 da matasa sunka shirya cikin gari da sassahe. Ina gode ma waɗanda sunka tsaya da piya wata bakin hanya cikin sanyin nan, da 'yan sandan da sunka tare muna mahaɗa, da 'yan kabu-kabu da sunka yi haƙuri da pasinja a baya har munka wuce. Ina gamawa na canja riga na sha kunu, ƙanena ya ɗauke ni bisa moto sai Cadawa, inda munka yi alkawali zan tarbe shi in raka shi sauran hanyar, sama da kilomet 30. Ƙanena Allah shi maka albarka, kai ka wuni bayanmu da bido biyu ɗaure ga moto kana tahiya a hankali, kuma ban ji ka yi ƙorahi ko sau ɗaya ba.

Rakiyar mai dogon gudu aikin raino ne wallahi. Da ya gan ni sai daɗi ya kama shi ya ƙara wuta, abu na farko da na yi shi ne in shiga gabanshi in rage mishi, don ƙarhin da ya zubar nan shi zai nema da la'asar ya rasa. Ni ke riƙe da agogo, in munka yi gudu na ɗan lokaci sai in ce mu taka, kowane rabin awa in miƙa mishi dabino ko ayaba ko yana so ko ba ya so, saboda abin da jiki ya ajiye na ƙarhi ba ya kai mutum ko'ina a irin wanga nisa, in ka jira sai ka ji yunwa to ka makara. Ruwan ma ba zalla ba, zufa da gishiri take hita, kuma iskar hunturu tana busar da ita nan take har mutum ya zaci ba ya zufa, sai ka duba rigarshi ka ga farin gishiri ya zana layi ga kafaɗu. Litir ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, haka ake haɗa muna. Muna bin gehen hagu don mu riƙa ganin motar da ke zuwa. Kipchoge, shahararren ɗan gudun Kenya, ma da ya yi marato ƙasa da awa 2 a Viyana a 2019, mutum 41 ne sunka riƙa karɓa-karɓa suna rakiyarshi, balle mu.

Wajen kilomet 60 abin ya yi tsanani. Rana ta juyo tana dukan idonmu tunda yamma munka dosa, cikinshi ya ƙi karɓar komi, ko ƙamshin dabino ba ya so, ya daina amsa mini magana, ya zauna gindin wani gawo ya tuɓe takalmin dama sai ga bororo ƙarƙashin babban yatsa ya fashe ya manne da safa. Ya dube ni ya ce shi kam ya gama. Ban ce mishi komi ba na ɗan lokaci. Nan ne wata inna da ke saida hura bakin hanya ta taso da kanta, ta dama mai ruwa-ruwa a ƙwarya ba ta sa yaji ba, ta durƙusa ta ce ɗana sha kaɗan kaɗan kada ka yi sauri. Ita ce abu na farko da ya zauna mishi a ciki. Na ciro kuɗɗi ta ture hannuna ta ce ita ma tana da ɗa bisa hanya. Inna ban san sunanki ba kuma na san ba ki ganin wanga rubutu, amma duk wanda ya san ta tsakanin Cadawa da gari ya isar mata, Allah shi tsare mata ɗanta duk inda yake.

Manjo, ma'aikacin lahiyarmu, da ka bar hutunka ka biyo mu da motarka, mun gode. Kai ka wanke ƙafar ka naɗe ta, ka auna shi, ka yi mishi tambayoyi ka ga hankalinshi na nan, sannan ka ce yana iya ci gaba amma in ka ce a tsaya to an tsaya, kuma mun yarda da haka tun farko. Duk mai sha'awar irin wanga abu don Allah kada ya hita ba tare da ma'aikacin lahiya ba.

Mun gode ma mutanen ƙauyen da sunka ba mu buta da tabarma munka yi la'asar, da direban kamyon da ya rage gudu ya ba mu hili ƙura ba ta rufe mu ba, da yaran da sunka bi mu ba takalma suna kiran sai ka yi, har ya yi murmushi. Matarshi ita ta dafa dankali da gishiri tun dare ta ƙulla a leda, kuma ita ta yi haƙuri da hitar asuba duk tsawon shiri. Hajiya mahaihiyarshi ba ta so abin ba da farko amma ta sa albarka, kuma muna shigowa unguwa munka tarar da ita tsaye ƙofar gida da tasbaha, ya durƙusa gabanta da ƙyar sai da munka kama shi ya tashi.

Jikinshi da sauƙi, ƙafar na warkewa, yana cin abinci sosai. Masu son zuwa barka ku bari sai bayan la'asar. Wanda ya ara muna riguna masu haske da kula ta ruwan sanyi, gobe in sha Allah ƙanena zai kawo maka har gida. Allah shi saka ma kowa da alheri, shi bar zumunci, amin.